Kalma Ɗaya Ta Turanci Na Neman Raba 'Yata Da Makaranta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Agege, 'ya'yanmu biyar. Babbar, wadda ita ce ta fari, shekararta 14, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Da aka ba su hutun ƙarshen zango ta kawo takardar sakamako, ta zo ta huɗu a ajinsu. A ƙasan takardar malamarsu ta rubuta: "She is cheerful and popular with her classmates." Ni bokona bai yi nisa ba, babansu ma haka. Ya tafi da takardar kasuwar Mile 12 inda yake sayar da tumatir, wani yaro da ke rubuta musu lissafi ya karanta masa, ya ce wai ana nufin yarinyar ta yi suna a makaranta, kowa ya san ta, kamar yadda ake ce wa mawaƙa da 'yan fim fofula. Tun ranar gidan ba daɗi. Ya ce shi bai kawo 'yarsa Ikko don ta yi suna ba, in an koma makaranta ita ba za ta koma ba, gida zai tura ta wajen kakarta. Yarinyar kuka kawai take yi, abinci ma sai na matsa mata. Na san tarbiyyar da na yi mata, amma wallahi har na fara kokwanto. Mece ce ainihin ma'anar kalmar nan ta popular, kuma yaya zan yi?

Uwar yara, daga Agege

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ƙanwata, kafin ki ci gaba da karatu ki kira yarinyar nan ki share mata hawaye, ki zuba mata abinci. Ba ta yi laifin komai ba. Yabonta malamar ta yi. Abin da ke rubuce a takardar, in aka faɗe shi da Hausar da muke yi a tsakar gida, shi ne: yarinya ce mai fara'a, kuma tana da farin jini a wurin 'yan ajinsu. Iyakarsa ke nan. Babu yin suna a ciki, babu tashe, babu rawar kai.

Na faɗa miki haka ba tare da shakka ba, domin hannuna ya rubuta irin jimlar nan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na daɗe ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Legas. Idan ƙarshen zango ya zo sai ki tarar da malamai a ofis kowa da tulin takardu a gabansa, fanka na kaɗa iska mai zafi, yara sun haura sittin a aji guda, gurbin da aka bar wa malamin aji kuwa bai wuce layi biyu ba. A layi biyun nan za ki dunƙule halin ɗan mutum na wata uku. Shi ya sa kowane malami ke da 'yan kalmominsa a ajiye. Akwai ta mai surutu, akwai ta mai wasa, akwai ta mai fashi, akwai ta wanda ke da kai amma lalaci ya yi masa katutu. Ita kuwa wadda aka rubuta wa 'yarki, ban taɓa ba wa yaron da nake shakkar tarbiyyarsa ita ba. Ina ajiye ta ne ga irin yarinyar da in ba ta zo ba, kafin a fita tara yara uku sun zo sun tambaye ni ko lafiya. Wadda in biron wata ya ƙare ita ake waiwaya.

Akwai wadda ba na mantawa da ita, 'yar wani mahauci. An kawo mana baƙuwar yarinya daga Arewa a tsakiyar zango, ba Yarbanci ba Turanci. Ta tsaya a bakin ƙofa rungume da jakar leda, aji ya yi tsit ana kallonta. Kafin na buɗe baki 'yar mahaucin nan ta muskuta a benci, ta bubbuga wurin da tafin hannu, ta ce mata da Hausa, "Zo ki zauna nan." Da zango ya ƙare, kalmar nan na rubuta mata, kuma da zuciya ɗaya na rubuta.

To bari mu zauna a kan kalmar kanta, tunda ita kika tambaya, ita kuma za ki kai wa maigida.

Asalinta daga Latin ne, harshen tsofaffin Rumawa. A wurinsu populus na nufin jama'a, popularis kuma abin da ya shafi jama'a. Da wannan ma'anar ta shigo Ingilishi, wato abin da yake na kowa da kowa, sai wajen shekara ta 1600 aka fara siffanta mutumin da jama'a ke ƙauna da ita. Saboda haka duk inda kika ci karo da ita, jama'a na nan kusa. Abin da ke sauyawa shi ne abin da ke tsakanin jama'ar da wanda aka siffanta.

Maigidanki ma ya san ɗaya daga cikin ma'anoninta ko bai zauna a aji ba, in dai ya taɓa shiga kallon ƙwallo. A filayen wasanmu, har da babban filin Surulere inda Najeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980, akwai ɓangaren da ake kira popular side. Ba wurin shahararru ba ne. Wurin talaka ne, tikiti mai araha, ba rumfa, rana ta dake ka ruwa ya dake ka, manya kuwa suna can a inuwa. A siyasa in an ce popular vote, jimillar ƙuri'un jama'a ake nufi. A zaɓen Amurka na 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump irin waɗannan ƙuri'u da kusan miliyan 3, amma shi ya hau kujera domin a tsarinsu wakilan jihohi ke yanke hukunci. In an jingina kalmar ga atamfa ko abinci ko waya, ana nufin abin da ya karɓu, mutane da yawa ke saye. Kiɗan da ake ce wa pop ma gutsurenta ne.

Amma idan mutum aka siffanta da ita, aka biyo ta da with ko among, sannan aka ambaci wasu mutane, to ma'anar ɗaya ce: waɗannan mutanen da aka ambata suna son sa, suna jin daɗin zama da shi. Abin da ya biyo bayan 'yar ƙaramar kalmar nan shi ke nuna a wurin wa ake da farin jinin. A takardar 'yarki cewa aka yi with her classmates, a wurin abokan karatunta na aji. Ba a ce a gari ba, ba a ce a unguwa ba, ko makarantar duka ba a ambata ba. Kuma zan gaya miki gaskiya tsakani da Allah, don kada wani ya ɗauko miki ita daga baya ki rasa amsa: da an rubuta with the boys, wato a wurin samari, da ni ma na ce a tsaya a bincika, domin wannan jimlar takan ɗauki ma'anar da maigida ke tsoro. Ba ita aka rubuta ba. Ko da makarantar ta maza da mata ce a haɗe, cewa 'yan aji ba ya ɗauke da ko ƙanshin zance. Malamar da ta ga yarinya na rawar kai ba ta yabon fara'arta a takarda. Aikawa take yi a kira mata uwar.

Abin da yaron kasuwa ya fassara, Turanci na da wasu kalmomin dabam dominsa. Famous shi ne shahararre, wanda sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. Notorious shi ne mai ƙaurin suna, wanda aka sani da mugun abu. Mutum na iya shahara ba shi da farin jini ko na sisin kwabo. Ɗan fashin da ya addabi gari kowa ya san sunansa, ba mai ƙaunarsa. Ga kuma tsohuwa mai ƙosai a bakin layinku, wadda ba wanda ya san ta a Oshodi balle Abuja, amma ranar da ba ta fito ba layin duka sai ya tambayi lafiyarta. Ita ce kalmar ta dace da ita.

Duk da haka ban ga laifin yaron sosai ba, kuma kada ki ƙulla shi a rai. Turancinmu na Najeriya ya ja kalmar ya kai ta daf da shahara. Duba kanun jaridun Legas ki gani: mawaƙi da ita ake siffanta shi, ɗan fim da ita, kasuwa da otal da ita, in za a faɗi laƙabin mutum ma sai a ce popularly known as, wato wanda aka fi sani da kaza. Wanda ya tsinci Turancinsa a waya da rediyo da cikin motar haya ta danfo, ma'anar da zai fara cafka ke nan. Abin da ya sani ya faɗa. Inda ya yi ɓarna shi ne ɗaukar ma'anar kanun jarida ya ɗora wa takardar makaranta, sannan bakinsa ya faɗa kan Hausa mafi nauyi da za a iya gaya wa uba game da 'yarsa budurwa. Ni da ke mun san nauyin "ta yi suna". Namiji in ya yi suna taya shi murna ake yi. 'Ya mace in aka ce ta yi suna a gari, sai uwa ta rufe fuska.

Abin da ke burge ni kullum shi ne yadda Hausa ta fi wadata a nan. Inda Bature ya tara abubuwa cikin kalma guda, mu mun rarraba su. Muna da farin jini, wanda mutum ke shiga wuri a ji an so shi tun bai yi magana ba. Muna da shiga rai, irin na yaron da ko ɓarna ya yi ba a iya yi masa dogon fushi. Muna da mai jama'a, wanda in ya yi biki ko rasuwa layi ba ya ɗaukar mutane. Kwarjini dabam, shi girma ne da ke sa a sunkuyar da kai, ba lallai da ƙauna ba. Tashe kuwa na ɗan lokaci ne, yau kai gobe wani. Mai fassara nagari sai ya dubi wurin da kalmar ta zauna kafin ya zaɓi wadda zai ɗauko a cikin waɗannan. Takardar aji, daga hannun malama, kusa da yabon fara'a, a kan yarinyar da ta zo ta huɗu: ba abin da ya zauna a nan sai farin jini.

Yanzu maganar maigida. Ina roƙonki kada ki ga baƙinsa. Mutumin da ke barin gida tun kafin asuba ya kama hanyar Ketu don ya tarbi motocin da suka kwana biyu a hanya daga Kano da Katsina da Kaduna, ya yini cikin kwanduna da laka da ciniki, ba don komai yake yi ba sai don ku. Kuma tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Duk wanda ya yi renon 'ya mace a Legas ya san garin nan buɗe yake, ba kawu a ƙofar gida, ba goggo a maƙwabta, yarinya na hawa mota da mutanen da ba ta sani ba kullum safiya. Kishin 'yarsa ne ya motsa, kishi kuwa daga so yake fitowa.

Akwai kuma abin da nake jin ya fi fassarar ciwo, shi ne wurin da aka yi ta. Ki duba: ya ɗauki takardar ya tafi da ita kasuwa. Uban da ba ya alfahari da 'yarsa ba ya yin haka. Ya tafi ne don a karanta masa yabo a gaban abokansa, sai aka karanta masa abin da ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido, kuma a gaban waɗannan abokan. Mai yiwuwa wani ya yi dariya, wani ya jefa magana. Saboda haka in kika tare shi da "ba ka gane ba ne" ko "yaron nan ƙarya ya yi maka", kin ƙara masa kunya a kan kunya, zai kafe ne kawai. Hanyar da za ki buɗe masa ita ce wadda zai gano gaskiyar da kansa, ya kuma koma kasuwa da ita kansa a ɗage.

Kada ki ɗauko zancen da daddare lokacin da ya shigo a gajiye, kada kuma ki ɗauko shi a gaban yara. Ki bari sai ranar da ya samu sarari, ya ci ya sha. Ki fara da ba shi gaskiyarsa: "Baban yara, ni ma da na ji abin da aka ce hankalina ya tashi, kuma na san don kana kishinta ne. Amma na tambayi wata malamar Turanci, ta ce farin jini ake nufi, irin na yaro mai kirki. Tunda magana ta zama biyu, don Allah ka nuna wa wani da ka yarda da iliminsa kafin mu yanke hukunci." Ki bar masa zaɓin mutumin. Agege cike take da Hausawan da suka haɗa karatun addini da na boko, tun daga malaman Islamiyya har ma'aikata da ɗaliban jami'a da ke sallah a masallacinku. Ya nuna wa mutum biyu in ya so, kowa shi kaɗai. Ko ƙamus na cikin waya aka buɗe masa, ma'anar farko da za a gani ita ce wanda mutane da yawa ke so. Ba na tsoron inda zai kai takardar nan, domin duk wanda ya san Turanci sanin gaske abu ɗaya zai gaya masa.

In ya ƙi sauraronki, kada ki yi ta maimaitawa har ta zama gardama. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko wani dattijo a cikin abokan kasuwarsa, a je masa da girmamawa.

Sannan ranar da aka koma makaranta ku je tare, shi da ke. Wannan shi ne abin da na fi so ki dage a kai. Malamar da ta rubuta jimlar tana nan da ranta, me zai sa a yi ta hasashe? In Turanci zai ba ku wahala, ai Hausawan Agege da yawa Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, ga kuma Turancin buroka da kowa ke ji. Ya tambaye ta da bakinsa abin da take nufi. Ya tambaye ta su wa yarinyar ke zama da su, ko tana makara, ko tana fita kafin a tashi, ko ta taɓa ganin wani abu da bai kwanta mata ba. A shekarun da na yi ina koyarwa, iyaye maza daga cikin mutanenmu da suka taka ƙafa suka zo tambayar halin 'ya'yansu mata ba su da yawa, kuma duk wanda ya zo, 'yarsa ta ƙara daraja a idon malamai. An san tana da mai bibiya.

Game da tura ta gida kuwa, zama wurin kaka ba aibu ba ne, da yawanmu a hannun kakanni muka tashi. Amma ki tuna masa da abu biyu cikin lumana. Yarinyar nan tana shekarar ƙarshe ta karatun tushe, shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, waɗanda dokar ƙasa ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro. A ƙarshen ajin nan ne za ta zauna jarrabawar da za ta ba ta shaida ta kuma buɗe mata babbar sakandare. Cire ta yanzu kamar a yi noma ne a bar amfanin a gona ana saura kwana kaɗan girbi. Ba na so ki ɗaga masa doka kamar sanda, ki dai san da ita. Na biyun ya fi wannan, kuma shi nake jin zai taɓa shi. Ranar da yarinya 'yar shekara 14 ta sauka a gida daga Legas a tsakiyar shekarar karatu, ba biki ba rasuwa, tambayar farko da matan gida za su yi ita ce, "Me ta yi aka dawo da ita?" Ba wanda zai yarda cewa ba ta yi komai ba. Sunan da yake gudun ta yi, da hannunsa zai yi mata shi, kuma a garin da wataƙila nan za a zo neman aurenta wata rana.

Ki kuma tuna masa cewa abin da aka yabi 'yarsa da shi, mutane kuɗi suke kashewa suna nemansa. Nawa ne ke yawon neman laƙanin farin jini, 'yan kasuwa da 'yan siyasa da 'yan mata? Ita Allah Ya ba ta a kyauta. Ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Huraira cewa idan Allah Ya so bawa sai Ya kira Jibrilu Ya ce Yana son wane, ya so shi. Jibrilu ya so shi, ya yi shela ga mazauna sama su ma su so shi, sannan a sanya masa karɓuwa a bayan ƙasa. Ban ce duk mai farin jini wannan matsayin gare shi ba, sanin wannan na wurin Allah. Ina nufin dai karɓuwa a zukatan mutane ba abin kunya ba ce a addininmu, ga namiji ko ga mace. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, mata daga ƙauyuka suke takowa zuwa wurinta ɗaukar karatu, ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna kai ilimi gida gida, har yau ana sa wa makarantu da 'ya'ya sunanta. Mace mai jama'a ce, kuma ba wanda ya taɓa ganin hakan ya rage mata mutunci.

Ba zan rufe miki ɗaya gefen ba, domin ke uwa ce kuma kin ce kin fara kokwanto. Masana halayyar yara sun daɗe suna nazarin abin nan. A 1982 John Coie na Jami'ar Duke da ke Amurka da abokan aikinsa sun bi wata hanya mai sauƙi: a tambayi kowane yaro a aji ya faɗi uku da ya fi so da uku da ba ya so. Da aka tattara amsoshin sai yara suka kasu gida biyar. Akwai waɗanda da yawa ke so, akwai waɗanda ake ƙi, akwai waɗanda ba a ma tuna da su, akwai waɗanda wasu ke so ƙwarai wasu ke ƙi ƙwarai, sai kuma na tsaka-tsaki. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1990, wasu masanan suka lura cewa in yara sun fara girma kalmar takan rabu biyu a bakinsu. Akwai wanda ake so saboda kirkinsa da riƙon amanarsa da taimakonsa. Akwai kuma wanda ake kira da kalmar saboda shi ke juya aji, shi ake kwaikwayo, shi ake tsoron bakinsa, alhali da yawa ba sa ƙaunarsa a zuci. Na farkon shi ne farin jininmu, na biyun shi ne tashe. Ni ma na ga irin na biyun a aji: yarinya da 'yan korenta, in ta ɗaure wa wata fuska duk su ɗaure mata. Irin wannan ba na rubuta mata fara'a.

Ke za ki fi kowa sanin wacce ce taki. Ki dubi ƙawayen da ke zuwa gidanki, masu gaisuwa ne har ƙasa ko masu tsayawa a waje suna kiranta a waya? Ki saurari yadda take ba da labarin 'yan ajinsu, da tausayi ko da raini. Ki lura ko tana dawowa a kan lokaci, ko tana shigowa da kayan da ba ku kuka saya mata ba. Waɗannan su ne alamun da uwa ke dubawa, ba kalma a takarda ba. In duk wannan lafiya lau ne, kuma wasiƙarki ta nuna min haka ne, to ki kori kokwanton nan daga ranki.

Abin da zan so ki sa wa ido shi ne nauyin da ke tattare da farin jinin kansa. Yarinyar da kowa ke so takan sha wuyar cewa a'a. Ita ce za ta rabar da kuɗin tararta ta yini da yunwa, ita za a roƙa ta buɗe takarda a jarrabawa a kwafa, ita za a ce ta raka wata wani wuri bayan an tashi ta kasa ƙi don kada a ji haushinta. Ki koya mata cewa ƙawar da za ta rabu da ita don ta ce a'a sau ɗaya, da ma ba ƙawa ba ce. Ki koya mata dawowa gida kai tsaye, da gaya miki duk wanda ya ba ta wani abu. Ki riƙe ta da azkar na safe da yamma, don mai farin jini ba ya rasa mahassada.

Amma duk wannan na gaba ne. Na yau shi ne zuciyarta. Yarinyar nan ta yi karatu wata uku, ta zo ta huɗu, ta riƙo takardarta da murna tun daga makaranta har gida tana jiran a sa mata albarka, sai ta ga gida ya rikice a kanta ba ta san dalili ba. Abin da nake tsoro shi ne darasin da za ta ɗauka in aka bar ta haka: cewa fara'a laifi ce, cewa in mutane sun so ta to ta jawo wa iyayenta abin kunya. Na ga yaran da aka yi wa haka. Sukan koma aji su ɗaure fuska, su daina ɗaga hannu, su daina matsa wa baƙuwa a benci. Mu da muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, bai kamata mu naɗe ta a fuskar 'yarmu ba.

Na lura ko sunanta ba ki ambata ba a wasiƙarki, na kuma san dalili, 'yar fari ce. Kunyar nan tarbiyyarmu ce, ina girmama ta. Amma a wannan karon ki daure ki zaunar da ita a ɗaki ku biyu, ki gaya mata da bakinki cewa kin tambaya an fassara miki, yabo ne, kuma kin ji daɗi. In nauyin ya yi miki yawa, ki sa ƙanwarki ko goggonta ta faɗa mata kina zaune a wurin. Ki gaya mata kuma babanta ba ƙinta yake yi ba, fassara aka yi masa ba daidai ba, kada ta riƙe shi a zuciya.

Idan Allah Ya sa ya gamsu, ki roƙe shi abu ɗaya: ya kira ta da kansa, ya riƙe takardar a hannunsa, ya ce mata Allah Ya yi mata albarka. Takardar kuma ki sa ta a leda ki ajiye a ƙasan akwati tare da takardar haihuwarta. Ki rubuto min bayan kun je makarantar, ina son jin abin da malamar ta ce da yadda ya karɓa. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya mana ita da ƙannenta.